Wasiƙa daga Zariya: Littattafanmu na Bana da Zaman Rera Waƙa

Zariya,
Daren Lahadi.

Aminina Malam,

Yaya Sakkwato, yaya aka ji da zafi? Mu nan sai godiyar Allah.

Ka tambaya ko ɗan kamfaninmu na buga waƙoƙi yana nan da rai, tunda ka kwana biyu ba ka ji motsinmu ba. Yana nan daram. Aiki ne ya sha kanmu, labarin kuma ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake. Akwai roƙo biyu a ciki, zan zo gare su.

Littattafai uku muke fatan fitarwa kafin azumi, in Allah ya yarda. Wanda ya fi hana mu barci shi ne na wani dattijon malami na cikin birni, wanda ya rasu shekarun baya. 'Ya'yansa ne suka kawo mana gafakarsa, cike da takardun da ba a ɗinke ba, duk da ajami. Akwai wa'azi, akwai madahu, akwai kuma wata doguwa a kan taurari da lokutan shuka, wadda ni ita ta fi shiga raina. Da farko wasu daga cikinmu sun ce a juya su zuwa boko kawai a buga, tunda boko matasa ke karantawa, kuma shafuka za su ragu da rabi. Ban yarda ba. Bayan doguwar muhawara muka tsaya a kan ajami a shafin dama, boko a na hagu, baiti yana kallon baiti.

Kai ba sai an yi maka bayani ba, amma ga hujjar da na kafa musu. Karin rubutacciyar waƙa a kan nauyin gaba yake tafiya, wannan doguwa, wannan gajera. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, boko kuwa, yadda aka daidaita shi, ba ya nunawa. Wanda ya iya ajami, da ya kalli ɗango zai ga karin a kwance a kan takarda tun bai buɗe baki ba. Mai karanta boko sai ya yi ta lalube, in kunnensa bai saba ba ya karya baitin, sannan ya ɗora wa marigayin laifi ya ce bai iya auna waƙa ba. Wannan zalunci ne ga mutumin da ya ɓata dare yana auna kowace gaba.

Ba mu buga ajamin da kwamfuta ba, hotonsa muka ɗauka shafi bayan shafi. Haruffan Larabcin da ke cikin kwamfuta irin na gabas ne, hannun malam kuwa irin namu ne na allo, na Magariba, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya tashi a tsangaya wannan hannun idonsa ya sani, kuma irin waɗannan mutane nake sa rai za su fi neman littafin: alarammomi, gardawa, tsofaffin mata masu karatun dare, mutanen da masu buga littattafan zamani suka daɗe da mantawa da su. Juyawar ce ta ba mu wuya, domin marubuta ajami ba su taɓa haɗuwa a kan ƙa'ida ɗaya ba wajen sautukan da Larabci ba shi da su, irin su ɓ da c da ts. Sai ka zauna da hannun mutum har ka gane ɗabi'arsa. Ga kuma ramzi. Kusan kowace waƙa malam ya rufe ta da kalmar da haruffanta ke ba da shekarar Hijira, lissafin kuwa na Magariba ne, inda shin take dubu. Wani yaronmu ya fara lissafawa da tsarin gabas, shekarun suka fito babu kai babu gindi, sai da wani alaramma ya zauna da shi ya warware masa. Za mu sa ɗan bayani a kan haka a ƙarshen littafin.

A nan roƙona na farko yake. Ka san malaman da, in waƙa ta burge su sukan kwafe ta su ajiye cikin takardunsu, ba tare da sun rubuta sunan mai ita ba, domin a lokacin kowa ya san ta. Akwai waƙoƙi biyu a gafakar nan da babu sunan malam a baitocinsu na rufewa, harshensu kuma ya fi kama da na mutanen Shehu a ƙarni na 19. Ɗaya ma tahamisi ce, ka ga mai yiwuwa ɗango biyun ƙarshe na kowane baiti na wani ne, ukun farko ne kaɗai na malam. Ai ba sabon abu ba ne, Tabbat Haƙiƙa hannu uku ta bi: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mun sa an duba mana a Arewa House da ke Kaduna. Kai kuma don Allah ka leƙa mana ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu, ka kuma tambayi dattawan da ka sani a Hubbare ko akwai wanda ya haddace su. Zan turo maka hoton baitocin farko da na ƙarshe. Gara littafin ya makara da mu jingina wa mutum abin da ba nasa ba, ko mu raba wani da haƙƙinsa.

Littafi na biyu na wata malamar firamare ce daga wajen Funtuwa. A littafin rubutu na 'yan makaranta ta aiko mana da waƙoƙin, ta hannun ƙaninta. Malam, na daɗe ban karanta abin da ya girgiza ni haka ba. Ta yi waƙa a kan layin awon ciki a asibiti, ta yi a kan tsadar masara, ta yi a kan ɗalibanta da suka daina zuwa aji saboda iyayensu sun gudu daga ƙauye don tsoron 'yan bindiga. Ba ta kuka a cikin waƙar, ba ta kuma yi wa kowa wa'azi. Tana lissafa kujerun da suka zama wayam ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙwar biyu mai sauƙi, har sai mai sauraro ya rasa inda zai sa kansa. Na tuna da Alƙalami a Hannun Mata, na Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya fitar a 1983. Ka duba yawan shekarun da suka wuce, sannan ka ƙirga littattafan waƙoƙin mata na Hausa da suka shigo hannunka tun daga lokacin. Ga matan nan suna ta rubutawa, a ƙasar da matan jaji na Nana Asma'u suka bi ƙauyuka suna koyar da mata da waƙa. Wanda zai karɓa ya buga ne ya yi ƙaranci. Mun tambaye ta ko tana son a sakaya sunanta, ta ce a'a, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a bango, maigidanta ma ya goyi bayanta.

Duka littattafan sirara za su kasance, masu shiga aljihun riga, a ɗinke da waya a tsakiya, kwafi 500 kowanne a bugun farko. Ba mu ƙirƙiro wannan dabara ba. Haka 'yan ƙananan littattafan ajami na kasuwar Kurmi suke tun da can, haka kuma marubutan Kano irin 'yan Raina Kama, su Ado Ahmad Gidan Dabino, suka mamaye kasuwa a shekarun 1990 da littattafai masu araha da suka buga da kuɗin aljihunsu. Su labari suka sayar, mu waƙa, kuma na san kasuwar ba ɗaya ba ce, amma darasin farashi ɗaya ne. Takarda ce ke cinye mu. Kusan duk daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba sa wadatar da ƙasa, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 farashin bai zauna wuri ɗaya ba. In mai maɗaba'a ya yi maka kuɗi yau, to ka biya yau. Lambar ISBN kuwa mun karɓo daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma za mu kai musu kwafi uku-uku kamar yadda doka ta ce. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne. Ni ina ganin ko ba komai, bayan ba mu, wani ɗalibi zai je ya tarar da littafin malamar nan a kan kanta.

Wani abin da muka sa wa ido sosai shi ne haruffa masu lanƙwasa. A wani aiki da aka yi mana a baya, mun kai rubutu lafiya lau, da aka buɗe shi a kwamfutar maɗaba'ar sai duk ɓ da ɗ da ƙ suka koma 'yan akwatuna, wani ma'aikaci kuma ya ga gyara ne ya mayar da su b da d da k. A labari mai karatu zai iya cankar abin da ake nufi, a waƙa kuwa an kashe ta. Yanzu a kulle muke kai aiki, yadda ba mai iya taɓa harafi, kuma ɗayanmu yana tsaye a wurin har a fitar da shafin gwaji ya sa hannu.

To, ga maganar da na fi son in ji ra'ayinka a kai. Mun yanke shawara ba za mu yi bikin ƙaddamarwa ba. Ka san yadda abin yake: a kama babban ɗakin taro, a buga katin gayyata, a nemi uban taro da babban mai ƙaddamarwa, mai sharhi ya yi magana ana ta hira a bayansa, manyan baƙi su sayi kwafi da alƙawarin kuɗi masu nauyi, wani a cika wani a yi ta sintiri. Ba na zargin marubucin da ya yi haka, sau da yawa ita ce kaɗai hanyar da zai mayar da kuɗin bugu. Abin da ke damuna shi ne a irin wannan taro da wuya ka ji an rera baiti biyar a jere. Littafi ya fita daga maɗaba'a ya shiga but ɗin mota, waƙar ba ta shiga kunnen kowa ba. Mu kuwa waƙarmu a kunne take rayuwa. Aliyu Namangi makaho ne, Imfiraji kuma bakin mutane ne ya kai ta lungu da saƙo, almajirai da makafi da mata a tsakar gida, littafin da aka buga a nan Zariya ya zo ya tsare ta ne kada ta ɓace ko ta gurɓace. Haka Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano: a zamaninta haɗuwa suke yi su rera wa juna, a gyara wa juna, rediyo kuma ta kai muryoyinsu gidaje. Aƙilu Aliyu ma, duk wanda ya taɓa jin muryarsa yana rera waƙarsa ya san abin da ke cikin Fasaha Aƙiliya rabin abin ne.

Don haka abin da za mu yi shi ne zaman rera waƙa, sau ɗaya a wata, ranar Asabar bayan la'asar, a harabar wata makaranta da aka ba mu aro. Tabarmi ne da 'yan kujeru don dattawa, gefen mata daban, ba babban tebur, ba jawabin maraba. Mai waƙa ya tashi ya rera, in waƙar mai amshi ce jama'a su amsa. Littattafai suna gefe a kan ɗan tebur ga mai so. Waƙoƙin marigayi malam babban ɗansa ne zai rera su, da karin da ya ji mahaifinsa yana yi, kuma wannan karin ba ya cikin kowace takarda, in ba a ɗauke shi yanzu ba ya tafi ke nan. Za mu naɗi muryoyin duka, mu sake su a WhatsApp kyauta, mu kuma buga alamar nan mai murabba'i a bayan kowane littafi, wadda in ka haska ta da waya za ta kai ka ga muryar. Ma'ajinmu ya ce in mutane sun samu murya a banza wa zai sayi takarda? Tambaya ce mai kyau, kuma shi ke riƙe da asusu, dole ya yi ta. Amsata ita ce, wanda waƙa ta kama shi ne yake son ya haddace ta, mai son hadda kuwa shi ke neman rubutu. Wanda bai taɓa jin ta ba babu abin da zai kai hannunsa aljihu.

Za mu kuma nemi ɗan tebur a bukukuwan littattafai in lokacinsu ya zo, musamman bikin HIBAF na littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, da KABAFEST da aka fara a 2017. Ina jin daɗin waɗannan taruka, ko don matasan da ke cika su. Sai dai ka lura da ƙofofin da ke buɗe wa mai rubutacciyar waƙar Hausa. Babbar kyautar adabi ta NLNG, mai dala 100,000, ta masu rubutu da Ingilishi ce. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ta fito da mata marubuta da yawa tun 2016, ta gajerun labarai ce. Yaro mai basira yana kallon wannan, sai ya karkata ga Ingilishi ko ga labari, ko ya nufi situdiyo. Ban ga laifinsa ba. Amma shi ya sa nake ganin ƙananan kamfanoni irin namu ba su da damar yin kasala.

Wannan ya kawo ni kan taron bita, wanda daga cikinsa littafi na uku zai fito. Matasa suna turo mana waƙoƙi da yawa, wasu daga Facebook suka san mu. Akwai zuciya a cikin rubutunsu, akwai abin faɗa, amma mafi yawansu amsa-amo kawai suka sani. Suna ganin in ƙarshen layuka ya yi daidai an gama waƙa. Ka ce su rera, sai ka ji ɗango ɗaya ya yi tsawo ɗaya ya gutsure, suna jan wasali suna haɗiye wani don su cike giɓi. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su. A makaranta an ba su sunayen bahar-bahar sun haddace don jarrabawa, Mutaƙarab da Kamil da Ramal da Rajaz, ba a taɓa sa su sun ji bambancinsu a kunne ba.

Mu ta kunne za mu fara. Ranar farko ba alƙalami: a rera musu baiti, su tafa a kan doguwar gaba, su ƙyasta yatsa a kan gajera, har jikinsu ya kama tafiyar. Kamar koyon daka ne, sai hannu ya kama lugude kafin a yi maganar laushin gari. Bayan nan ne za a gaya musu sunan abin da suka riga suka ji, a nuna musu ƙafafu, a shiga ƙwar biyu da ƙwar biyar, ƙaramin amsa-amo da babba, yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa. Za mu nuna musu kuma cewa ba arulin Larabawa ne kaɗai ma'auni ba, tunda Aƙilu da kansa ya ɗauki karin makaɗan baka ya ɗora rubutacciyar waƙa a kai. Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Ɗangambo yana nan ga wanda ya kai matakin nazari, amma ba da shi za a tare su a bakin ƙofa ba. Daga nan kowa ya kawo waƙarsa a rera a gaban 'yan'uwa, a gyara. Sharaɗinmu ɗaya ne: mai gyara ya nuna gabar da ta karye, kada ya taɓa mutuncin mai waƙar.

Mun yi gardama a kan masu rubuta waƙa ba kari ba amsa-amo, irin yadda ake yi da Ingilishi yanzu. Wani abokin aikinmu ya ce kada ma a karɓe su. Ni ban tsaya nan ba. Na karanta wasu da suka taɓa ni ƙwarai, kuma harshe ba ya tsayawa inda kakanni suka bar shi. Abin da nake so kawai shi ne yaro ya iya auna baiti tukuna, in ya ga dama daga baya ya ajiye ma'aunin da saninsa. Wanda ya bar kari don ya zaɓa, ana ji a rubutunsa, wanda ya bar shi don bai iya ba, shi ma ana ji. Mun amince za mu sa irin waɗannan 'yan kaɗan a littafin, a sashensu, masu sauraro su yi hukunci a zaman rerawa.

Roƙona na biyu ke nan: ka zo ka ɗauki darasin kari. Ban san wanda ya kai ka iya sa yaro ya ji Mutaƙarab a ƙirjinsa ba. Lokacin hutun zangon karatu muke so a yi, don malamai da ɗalibai su samu zuwa, kwana uku, daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi. Ba za mu ɗauki fiye da mutum 20 ba, rabi mata, kuma malamar Funtuwa ta yarda za ta zauna da su. Ba mu da kuɗin sallama mai yawa, ba zan ɓoye maka ba, amma kuɗin mota yana wuyanmu, masauki kuwa gidana ne, ɗakin baƙi yana jiranka. In akwai ɗalibanka biyu ko uku da ka ga alamar waƙa a tare da su, ka taho da su, za mu san yadda za mu yi. In kuma kana da hanyar sanar da abokanmu na Maraɗi da Damagaram, ka sanar da su, domin muna son muryoyinsu a littafin, za mu kuma bar musu rubutunsu yadda suke yi a can.

Ka duba jadawalinka ka gaya mini makon da ya fi maka sauƙi, don mu tsayar da rana mu sanar da yara da wuri. Hotunan baitocin nan biyu za su iso maka gobe da safe, in sha Allahu. Ka gaishe mini da uwargida da yara, ka kuma miƙa gaisuwata ga Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutanen gidana duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini,
daga Zariya.